Babur ɗin da Doguwar Hanya Ta Haifa: Tarihin Electra Glide

A shekarar 1994 kamfanin Harley-Davidson ya shigar da wata buƙata a ofishin rajistar alamomin kasuwanci na Amurka. Abin da ya nema a yi masa rajista shi ne ƙarar injinsa, wato wannan gurnani mai ɗingishi da baburansa ke yi idan suna tsaye inji yana aiki, domin a hana kowa kwaikwayonsa. Kamfanoni tara daga cikin abokan hamayyarsa suka ƙi amincewa, suna cewa duk injin da aka ƙera a kan wannan tsari haka zai yi kuka, ko ma wane ne ya ƙera shi. Aka shafe shekara shida ana ja-in-ja, sannan a 2000 Harley-Davidson ya janye buƙatar tasa.

Maganar ta mutu a nan, amma ta bar abin lura. Kamfanin da ya ɗauki lauyoyi domin kare ƙara ya san abin da masu sayen kayansa suke biya wa kuɗi. Idan gudu ake nema, baburan Japan da na Italiya sun fi nasa. Idan sauƙin sarrafawa ne a kan kwana, na Jamus da na Ingila sun sha gabansa. Idan kuwa araha ce, ba a ma kawo sunansa. Duk da haka, da zarar an ce babur ɗin Amurka, hoto guda ne ke zuwa zuciya: ƙaton babur mai faffaɗan sirdi, da akwatunan kaya biyu a gefe, da garkuwar iska a gaba, yana tafe a nitse a kan miƙaƙƙiyar hanya. Sunan wannan babur Electra Glide, kuma a 1965 ya fito. Sai dai wanda yake son fahimtar halinsa, dole ya koma shekara sittin kafin haihuwarsa.

Yadda mota ta kori babur daga aiki

A 1903, a wata 'yar rumfar katako a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin, William Harley da 'yan'uwa uku na gidan Davidson, wato Arthur da Walter da William, suka kafa tushen kamfanin. Baburansu na farko kekuna ne masu kauri da aka ɗora wa inji mai silinda ɗaya. A 1909 suka ƙara silinda ta biyu, suka jingina su biyun kamar harafin V, da tazarar digiri 45 a tsakaninsu. Dalilin wannan tazara mai sauƙi ne: ita ce ta dace da gibin da ke tsakiyar firam irin na keke. Shawarar da ƙarancin wuri ya tilasta ita ce ta zama tambarin kamfanin har yau.

A wancan zamani babur abin sufuri ne na mai ƙaramin ƙarfi, kuma kamfanonin da ke ƙera shi a Amurka suna da yawa. Henry Ford ne ya rushe wannan kasuwa. Motarsa ƙirar Model T ta fito a 1908, farashinta kuma ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920. Magidancin da zai iya sayen mota mai rufi da za ta ɗauki iyalinsa duka a kan kuɗin da bai wuce na babban babur ba, ba shi da dalilin zama cikin ruwa da ƙura. Tun daga lokacin babur ya rasa matsayinsa na abin buƙata a Amurka. Masu sayensa suka rage kashi uku: 'yan sanda, da sojoji, da mutanen da ke hawa domin sha'awa.

Karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta ƙarasa sauran. Cinikin Harley-Davidson ya faɗo daga babura kimanin 21,000 a 1929 zuwa 3,703 a 1933. Kamfanin Excelsior ya daina ƙera babur a 1931, aka bar biyu kacal: Harley-Davidson da Indian na birnin Springfield a jihar Massachusetts, wanda ya girme shi da shekara biyu. A yaƙin duniya na biyu Harley-Davidson ya ƙera wa sojoji babura kimanin 90,000. Indian bai farfaɗo ba bayan yaƙin, ya rufe masana'antarsa a 1953, fili ya zama na mutum ɗaya.

Ƙasa mai faɗi, mai arahar mai

Siffar babur tana bin siffar hanyar da aka yi shi dominta. A Turai garuruwa suna kusa da juna, hanyoyi ƙanana ne masu yawan kwana, man fetur kuma yana da tsada, shi ya sa injiniyoyin can suka karkata ga babur marar nauyi mai saurin juyawa. Amurka kuwa daga New York zuwa Los Angeles tafiyar kimanin kilomita 4,500 ce, kuma a tsakiyar ƙasar mutum yakan yi sa'o'i bai ga kwana ba. A 1919 wani matashin hafsa mai suna Dwight Eisenhower ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, tafiyar ta ci kwana 62 saboda lalacewar hanya. Da ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar 1956 wadda ta ba da izinin shimfiɗa manyan tituna masu tsawon kimanin kilomita 66,000 da suka haɗa jihohin ƙasar.

Wanda zai yini a kan irin wannan hanya buƙatarsa daban ce. Yana son babur mai nauyin da iskar manyan motoci ba za ta kaɗa shi ba, mai tsawon da zai miƙe ba tare da tangaɗi ba, mai injin da ke ba da ƙarfi tun yana juyawa a hankali, domin kada a yi ta canza giya. Yana son wurin zama mai taushi, da inda zai zuba kayan kwana bakwai, da abin da zai tare masa iska. 'Yan sandan da ke sintiri daga safe zuwa yamma su ma abin da suke nema ke nan. Waɗannan masu saye biyu, matafiyi da ɗan sanda, su ne suka tsara babur ɗin, kamfani kuma ya yi ta biya musu buƙata ɗaya bayan ɗaya.

Gyara ɗaya a kowane zango

A 1936 aka fito da sabon inji mai girman cc 1,000 wanda bawulolinsa ke saman silinda. Mahaya suka laƙaba masa Knucklehead, saboda murfin kansa ya yi kama da gaɓoɓin dunƙulallen hannu. A 1941 aka ƙara masa girma zuwa cc 1,200, aka kira samfurin FL, haruffan da manyan baburan tafiya na kamfanin ke ɗauke da su har yanzu. A 1948 Panhead ya gaje shi, mai kan alminiyam da murfi kamar kifaffen kasko.

Daga nan hankali ya koma kan jikin mahayi. A 1949 aka sa wa ƙafafun gaba shokazoba mai aiki da mai, aka raɗa wa babur ɗin Hydra-Glide. Tayar baya kuwa tana nan a ɗaure da firam, duk ramin da ta faɗa sai sifirin ɗin da ke ƙarƙashin sirdi ya shanye, ragowar kuma ƙashin bayan mahayi ya karɓa. Har zuwa 1952 da hannu ake sa giya, ta wani sanda da ke gefen tanki, kulochi kuma da ƙafa ake taka shi kamar na mota. A 1958 tayar baya ta samu nata shokazoban, suna ya koma Duo-Glide.

Saura matsala ɗaya, ita ce tayar da inji. Buga kik ɗin inji mai cc 1,200 aikin ƙarfi ne da dabara, domin idan aka kuskure lokaci sandan yakan dawo da ƙarfin da zai iya gurɗa ƙafa. A 1965 aka sa batir mai bolt 12 da sitata, mutum ya danna maɓalli inji ya tashi. Daga wannan lantarki sunan Electra Glide ya samo asali. Ƙaramin gyara ne a ido, amma ya buɗe ƙofa ga dattijo da mai ƙaramin jiki da mace, kuma ya ƙara wa babur ɗin nauyi har ya haura kilo 300. A 1966 injin Shovelhead ya zo, mai murfi kamar bayan shebur. A 1969 aka ƙara garkuwar iska da ke manne da kan babur, wadda faɗinta ya sa ake kamanta ta da fukafukan jemage. Da wannan siffar ta cika. Wanda ya ajiye samfurin 1969 kusa da na bana zai ga jini ɗaya ne.

Daga ina ɗingishin yake?

A yawancin injuna, fashewar mai a cikin silinda tana zuwa ne a kan tazara daidai, kamar luguden mata biyu da suka saba daka tare a turmi ɗaya. Injin Harley-Davidson ba haka yake ba. Sandunan fistin ɗinsa biyu suna riƙe ne da wuri guda a jikin karanshaf, ga kuma tazarar digiri 45 tsakanin silindodin. Sakamakon haka, idan silinda ɗaya ta buga, ɗayar tana biyo ta bayan karanshaf ya juya digiri 315, sannan a jira digiri 405 kafin zagaye ya dawo. Bugu biyu kusa da juna, sai ɗan jinkiri, sai bugu biyu kuma. Lugude ne wanda mace ɗaya take riga lokacinta kaɗan a kowane zagaye. Wannan ita ce ƙarar da aka so yi wa rajista.

A ma'aunin injiniya, tsarin yana da aibi. Yana girgiza, kuma da yake iska ce ke sanyaya injin, silindar baya da ke fake a bayan ta gaba takan yi zafin da mahayi ke ji a cinyarsa idan ya shiga cunkoso. A 1980, da samfurin Tour Glide, kamfanin ya fara ɗora injin a kan roba, ta yadda zai yi ta rawa idan babur yana tsaye, ya lafa idan an hau hanya. Abin da ya fi bayyana halin kamfanin shi ne injin Milwaukee-Eight da ya fito da samfuran 2017. An sa masa na'urar da ke kashe girgiza, amma aka tsara ta ta kashe kashi 75 cikin ɗari kawai idan babur yana tsaye. Ragowar an bar ta da gangan, domin masu saye suna son su ji cewa abin da ke ƙarƙashinsu yana da rai.

Gadon doki, da fuska biyu

Ba'amurke ya gaji tatsuniyar makiyayin shanu na yammacin ƙasar, mutum ɗaya da dokinsa a fili marar iyaka, kuma babur ɗin tafiya ya ɗauki kayan wannan doki kusan duka. Wurin zamansa sirdi ake kiransa. Jakunkunan gefensa, waɗanda da fata ake yin su kafin a koma akwati, mangala ce ta zamani. Mahayi yana zaune a miƙe, ƙafafunsa a kan faffaɗan mataki kamar likkafa, hannuwansa a buɗe. Har tuntaye da ƙusoshin ado na fata daga kayan doki aka aro su.

Sai dai babur ɗin ya rayu da fuska biyu. Ta farko ita ce ta hukuma da natsuwa: ɗan sanda, da ayarin rakiyar manya, da magidanci da uwargidansa a hanyar hutu. Ta biyu ta fito ne bayan yaƙi, lokacin da wasu tsofaffin sojoji suka sayi ragowar baburan soja da araha, suka cire duk abin da ke ƙara nauyi. A watan Yulin 1947 wani taron mahaya a garin Hollister na jihar California ya rikice da shaye-shaye, mujallar Life ta buga hoton wani mutum a kan babur kewaye da kwalaben giya, hoton ya zaga ƙasa. Fim ɗin The Wild One na 1953 ya ɗora a kai, ko da yake Marlon Brando babur ɗin Ingila ƙirar Triumph ya hau a ciki. A 1969 fim ɗin Easy Rider ya mayar da dogon babur mai miƙaƙƙun ƙafafun gaba alamar tawaye. Abin ban sha'awa shi ne, waɗancan babura tsofaffin Hydra-Glide ne na 'yan sanda da aka saya a gwanjo, kuma baƙaƙen fata biyu, Cliff Vaughs da Ben Hardy, su ne suka tsara su suka haɗa, amma aka daɗe ba a ambaci sunayensu ba. Ɗan sanda da ɗan tawaye babur guda suke hawa, ɗaya ya yi masa lodi, ɗaya ya tuɓe shi.

Kalmar da ake yawan jingina wa wannan babur ita ce 'yanci, kuma ya kamata a tambaya, 'yancin wa? Bessie Stringfield, baƙar fata ce da ta ratsa Amurka ita kaɗai a kan babur sau takwas a shekarun 1930 da 1940, zamanin da dokokin wariyar launin fata ke aiki a kudancin ƙasar. Idan masauki ya ƙi karɓarta, kuma ba ta samu gidan baƙaƙen fata da za su sauke ta ba, a gidan mai take kwana a kan babur ɗinta. A lokacin yaƙi ta yi wa soja aikin kai saƙonni tsakanin sansanoni. Ta mallaki baburan Harley-Davidson 27 a rayuwarta, ta rasu a 1993. Hanyar a buɗe take ga kowa, amma ƙofofin da ke bakinta ba haka suke ba.

Shekarun da saura ƙiris

A 1969 kamfanin AMF, wanda aka fi sani da kayan wasanni, ya sayi Harley-Davidson. Ya zuba kuɗi, ya mayar da haɗa babura zuwa garin York na jihar Pennsylvania, ya ruɓanya yawan abin da ake fitarwa, inganci kuma ya zube. Baburan suka yi suna wajen yoyon baƙin mai da yawan zuwa wurin makanike. A shekarar da aka yi wannan ciniki Honda ya fito da CB750 mai silinda huɗu, sannan a 1975 ya kawo Gold Wing, babur ɗin tafiya mai sanyaya inji da ruwa, marar girgiza, marar yoyo. An zo har gida an ƙalubalanci Electra Glide a kan abin da aka san shi da shi.

A 1981 manyan ma'aikatan kamfanin su 13, ƙarƙashin jagorancin Vaughn Beals, cikinsu har da Willie G. Davidson, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, suka ci bashi suka fanshe shi a kan kimanin dala miliyan 80. A 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ƙara harajin kashi 45 cikin ɗari a kan baburan da ake shigowa da su waɗanda suka haura cc 700, na tsawon shekara biyar, yana raguwa kowace shekara. Kamfanonin Japan suka amsa da ƙera injunan da suka gaza cc 700 da ɗan kaɗan. Harley-Davidson ya yi amfani da wannan sarari ya koyi tsarin kula da inganci daga Japanawan da suka kusa kashe shi. A 1984 ya fito da injin Evolution mai cc 1,340, wanda ya magance yawancin yoyo da lalacewa. A 1987 da kansa ya nemi a ɗage harajin, saura shekara guda wa'adinsa ya cika.

Babbar shawarar da sababbin masu kamfanin suka yanke ita ce su daina tseren fasaha da Japan, su sayar da abin da Japan ba ta da shi, wato tarihi. Samfurin Softail na 1984 ya ɓoye shokazoban baya a ƙarƙashin babur domin ya yi kama da na zamanin da ba a da shi. Road King na 1994 ya dawo da fuskar Electra Glide na shekarun 1960. A 1983 aka kafa ƙungiyar masu mallakar baburan, Harley Owners Group, wadda ta mayar da sayen babur shiga zumunci. Taron garin Sturgis na jihar South Dakota, wanda wani dillalin Indian mai suna Clarence Hoel ya fara a 1938, ya zama wurin da dubban ɗaruruwan mahaya ke haɗuwa kowane watan Agusta, a garin da mazaunansa ba su wuce kimanin 7,000 ba. Likita da lauya suka sa rigar fata a ƙarshen mako, suka ari fuskar ɗan tawaye a kan babur ɗin ɗan sanda.

Abin da ke gaban mahayi

Domin a gane girman abin, babur ɗin haya da muka saba gani injinsa bai cika wuce cc 100 zuwa 150 ba. Jikokin Electra Glide na yau, irin su Street Glide da Road Glide, injinsu ya haura cc 1,700, tankinsu yana cin sama da lita 22, mafi girmansu kuma nauyinsa ya kai na buhun masara huɗu. Farashinsu yakan haura dala 25,000.

A wannan farashi matsalar take. A 2006 kamfanin ya fitar da babura kusan 350,000, adadin da bai sake kaiwa ba. A 2024 abin da ya fitar kimanin 150,000 ne. Mutanen da suka kalli Easy Rider suna samari, suka samu kuɗin sayen babur suna da shekara arba'in, yanzu sun haura saba'in, kuma ɗaga babur mai kilo 400 idan ya kwanta ba aikin tsoho ba ne. Matasan da ya kamata su gaje su suna fama da kuɗin haya da bashin makaranta, kuma ba su taso da wancan fim ba. A 2018, lokacin da Tarayyar Turai ta ɗaga harajin baburan Amurka daga kashi 6 zuwa 31 cikin ɗari domin ramuwa, kamfanin ya ce zai mayar da ƙera wasu baburan ƙasashen waje, wasu daga cikin amintattun masu sayensa suka ɗauki hakan a matsayin cin amana. Kamfanin da haraji ya ceta a 1983, haraji ne ya matse shi bayan shekara 35.

A 2019 ya fito da LiveWire mai aiki da lantarki, babur mai saurin tashi, marar giya, marar gurnani. Bai samu kasuwar da aka yi fata ba, daga baya aka ware shi ya zama kamfani mai zaman kansa. A 2021 kuwa, da aka fito da Electra Glide Revival, kwaikwayon samfurin 1969, guda 1,500 kacal aka ƙera domin masu tara kayan tarihi. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wahalar Harley-Davidson ita ce kiɗan shi ne hajarsa. Dokokin hayaƙi da na ƙara suna ƙara tsanani a Turai da Amurka, injin da iska ke sanyayawa kuma yana shan wuya kafin ya cika su, har ta kai kamfanin ya fara zagaya ruwa a kan silindodin wasu samfuran, yana ɓoye lagireton a cikin garkuwar ƙafa domin kada ido ya gan shi. Kowane irin wannan gyara yana saya wa tsarin 1909 ƙarin 'yan shekaru, kuma injiniyoyin Milwaukee suna ci gaba da auna yawan abin da za su iya sauyawa kafin mahayi ya danna maɓalli, ya saurara, ya ce wannan ba babur ɗinsa ba ne.